Inna ta ce a daina ƙara mata jini, Yaya ya ce sai an ci gaba

Assalamu alaikum Anti. Mahaifiyarmu mai shekara 63 tana fama da sankarar bakin mahaifa, ba a gano ba sai da ta yi nisa. An yi mata allurar kemo ta ɗan samu sauƙi, daga baya ciwon ya dawo, hoto ya nuna ya taɓa hanta da huhu. Wata huɗu da suka wuce babban likita ya zaunar da mu ya ce maganar warkewa sai dai wani iko na Allah, abin da ya rage shi ne a riƙa rage mata raɗaɗi. Tun daga nan muke zaryar ƙarin jini, domin jini yana zubar mata kaɗan-kaɗan. Karon farko da aka sa mata leda biyu kamar ba ita ba, ta ci tuwo, ta yi salla a tsaye, har barka ta shiga maƙwabta, ta yi kusan wata guda a haka. Karo na biyu mako biyu ta yi. Na baya-bayan nan ko mako bai cika ba ta koma kwance, kuma ana cikin sa mata leda ta biyu numfashinta ya sarƙe, sai da aka sa mata iskar oksijin. Da muka dawo gida ta riƙe hannuna ta ce, "Kada ku sake mai da ni, ku bar ni a ɗakina."

Yayanmu, wanda shi ne ɗan farinta, yana aiki a Kudu, kuma shi ke turo mafi yawan kuɗin magani. Ya ce da zarar PCV, wato awon yawan jajayen ƙwayoyin jini da ake yi a asibiti, ya sauka ƙasa da 25 a ƙara mata, ko da motarsa zai sayar, wai duk wanda ya hana ta jini shi ya kashe ta. Ƙannena maza biyu sun bayar har an ce su dakata, yanzu biya muke yi ana kawo mana masu bayarwa. Ga bikin autarmu saura mako bakwai, Inna ba ta da burin da ya wuce ta ga ranar. Ba mu faɗa mata abin da likita ya ce ba, amma ina jin ta gane. Ni nake kwana da ita. In na bi maganarta ina tsoron alhaki, in na bi ta Yaya gani nake azabtar da ita nake yi. Don Allah ki ba ni shawara.

Daga wata mai jinya.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jinya, ya mai jiki? Allah Ya ba Inna sauƙi, Ya sa kaffara ce, ke kuma Ya ba ki ladan ɗawainiya. Zan fara da maganar alhakin nan, don na ga ita ce ke hana ki barci. Abin da ke cin jikin Inna sankara ce, ba ke ba ce, ba kuma ledar jinin da aka sa ko aka fasa sawa ba. Ƙarin jini ba ya taɓa ciwon ko kaɗan. Ba ya rage shi, ba ya tsayar da shi. Aikinsa ɗaya ne, ya ɗan mayar wa mutum da ƙarfi na wani lokaci, ya rage jiri da haki da bugun zuciya. Saboda haka ku daina tambayar kanku wa ya fi son Inna tsakanin mai cewa a ƙara da mai cewa a bari. Ku tambayi kanku me kowace leda take samar mata, na kwana nawa, kuma wace wahala take sha kafin ta samu.

Amsar tana cikin wasiƙarki, ke da kanki kika rubuta ta: wata guda, sai mako biyu, sai ƙasa da mako. Haka abin yake tafiya ga mutane da yawa masu ciwon da ya kai wannan mataki. Jajayen ƙwayoyin jini su ne ke ɗaukar iska daga huhu su kai wa sassan jiki, kuma ɓargo ne ke ƙera su, kowace ƙwaya ta yi kimanin kwana 120 a jikin mai lafiya. A jikin Inna abubuwa da dama sun haɗu. Jini yana fita ta wajen ciwon, ɓargon ya sha kemo ya raunana, ita kanta sankarar tana sa jiki ya ɓoye sinadarin ayon, wanda da shi ake ƙera jini, ya hana ɓargo amfani da shi, ga rashin cin abinci. Ledar jini ɗaya kan ɗaga PCV da kamar maki 3 ne kawai. In ana zubawa ta sama yana fita ta ƙasa, kamar mai cika randar da ta tsage ne, sai an kula da tsagar kafin ɗiban ruwan ya yi amfani. Zan zo kan wannan.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika ganewa ba. A farko, kasalar Inna yawancinta ta ƙarancin jini ce, shi ya sa leda biyu suka tashe ta tsaye. Yanzu da ciwon ya shiga hanta da huhu, kaso mai yawa na kasalar da hakin daga ciwon yake fitowa kai tsaye, kuma wannan kason jini ba ya maganinsa ko da an cika ta fal. A shekarar 2012 masana na Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, sun tattara bincike 12 da aka yi a kan mutum 653 masu sankarar da ta yi nisa waɗanda aka ƙara wa jini. Waɗanda suka ce sun ji sauƙi sun kama daga kashi 31 zuwa 70 cikin ɗari, gwargwadon binciken da aka duba, kuma sauƙin yakan fara dushewa kafin mako biyu. A wasu daga cikin binciken, kashi 23 zuwa 35 cikin ɗari sun rasu cikin mako biyu da ƙarin jinin, abin da ke nuna an yi wa mutane da yawa ƙarin ne a lokacin da jikinsu ya wuce inda zai amfana. Ban kawo miki wannan don in tsorata ki ba. Na kawo ne don ki san abin da idonki ya gani ba ƙaiƙayin zuciya ba ne, likitoci ma sun gan shi sun rubuta.

Dokar da Yaya ya kafa ta PCV 25 ba dokar asibiti ba ce. Ko ga majinyacin da ake sa ran warkewarsa, likitoci yanzu ba sa gaggawar ƙarin jini sai ya sauka wajen 21 zuwa 24, in dai ba jini ne ke ɓallewa da yawa ba ko akwai ciwon zuciya. Ga wanda ake rage wa raɗaɗi kuwa, lambar da ke kan takarda ba ita ke yanke hukunci ba. Wani yana 20 yana zaune yana hira da jikokinsa saboda jikinsa ya saba a hankali, wani yana 26 amma ko banɗaki ba ya iya kai kansa. Jiki magayi ne. Ni da za ku ji tawa, ku rage yawan kai ta ɗakin gwaji ana tsira mata allura don a aika wa Yaya hoton sakamako. A yi gwajin ranar da aka ga alamar da za ta sa a yi wani abu a kai.

Sarƙewar numfashin da ta samu a leda ta biyu kuwa, kada ki ɗauke ta ƙaramin abu. Mafi yawan abin da ke kawo haka ga tsoho mai rauni shi ne ruwa ya yi wa zuciya yawa lokaci guda, ya taru a huhu. Wanda ya rame, ko huhunsa ya taɓu, ko ƙodarsa ba ta tace ruwa sosai, ya fi kowa shiga wannan haɗari. Sankarar bakin mahaifa kuma ta shahara da toshe hanyoyin da ke sauko da fitsari daga ƙoda, don haka ki tambayi likita ko an duba ƙodarta kwanan nan, musamman in kin lura fitsarinta ya ragu ko ƙafafunta suna kumbura. Idan za a sake ƙara mata, kada ya zama irin na baya. Ki faɗa wa duk wanda zai sa jinin abin da ya faru, ko da yana cikin fayil. Ki nemi a sa leda ɗaya tak, a hankali, cikin awa uku zuwa huɗu, a ga yadda ta kwana kafin a yi maganar ta biyu. Ki tambaya ko za a samu jinin da aka tace aka rage masa ruwa maimakon cikakkiyar leda, da kuma ko likita zai ga dacewar ba ta maganin sa fitsari tare da shi. Waɗannan duk abubuwa ne da aka saba yi, ba rashin kunya ba ne in kin tambaya.

Yanzu maganar Inna. "Ku bar ni a ɗakina" magana ce babba, amma tana iya ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya, kuma sai kin zauna da ita za ki san wacce take nufi. Ki samu lokacin da ta ɗan ji dama, bayan ta sha maganin ciwo, babu kowa a ɗakin, ki tambaye ta a hankali: "Inna, mene ne ya fi damun ki a zuwa asibitin nan?" Sai ki yi shiru ki bar ta ta yi magana, kada ki cika mata baki. Wataƙila tsoron sarƙewar nan ce, don wanda ya taɓa neman numfashi ya rasa ba ya mantawa. Wataƙila jijjigar hanya ce da zaman benci tun safe har la'asar da neman jijiya a hannun da ya gama shan allura. Wataƙila kuma, kuma wannan na fi zargi ga iyayenmu mata, lissafi take yi a ranta: jinin 'ya'yanta ake ɗiba, motar ɗanta ake maganar sayarwa, ga biki a gaba, sai ta ga gara ta janye kanta. Idan tsoro ne, ana iya canza yadda ake sa jinin. Idan wahalar hanya ce, ana iya shirya komai tun jajibere, a kai samfurin jininta a haɗa, ita ta zo kawai a sa mata ta koma. Idan kara ce take yi muku, sai ku nuna mata ba nauyi ba ce. Amma idan ta ce ta gaji ne, ta auna ta ga abin da take samu bai kai wahalar da take sha ba, to wannan hukuncinta ne. Tana cikin hankalinta, jikinta ne, kuma babu likitan kirki da zai ɗaura mata jini tana cewa a'a.

Wannan ya kawo mu ga ɓoye mata da kuka yi. Na san da kyakkyawar niyya ne, kuma haka aka saba a gidajenmu, ana tsoron kada mai jiki ya karaya. Sai dai matar da ta haifi 'ya'ya ta aurar, ta yi jinyar wasu ta ga yadda suka ƙare, ba yarinya ba ce. Kin ce kina jin ta gane, ni ma haka nake ji. Abin da ɓoyewar ke jawowa shi ne kowa ya zauna da nasa shi kaɗai, ita tana yi muku kara, ku kuna yi mata. Ba na ce ki je ki sauke mata magana kamar dutse ba. Ki buɗe mata ƙofa kawai: "Inna, kina so likita ya yi miki bayanin inda ciwon yake, ko kin fi so ya riƙa gaya mana mu?" In ta ce a gaya muku, shi ke nan, kin ba ta haƙƙinta. In ta ce tana so ta ji, to tana da abubuwan da take son kimtsawa, wasiyya, bashi, wanda za ta yafe wa da wanda za ta nemi yafiyarsa, kuma bai kamata a hana ta wannan dama ba.

Sai tsagar da na ce zan dawo kanta. Ban ga inda kika ambaci an yi wani abu don tsayar da zubar jinin ba, kuma a ganina nan ne ya kamata kuɗin Yaya ya fi tafiya. Akwai ƙwaya mai suna tranexamic acid da ake bayarwa don rage irin wannan zuba, ba ta da tsada sosai, amma likita ne zai rubuta bayan ya duba ƙodarta da ko ta taɓa samun daskarewar jini a jijiya, kuma ana taka-tsantsan da ita in jinin ta fitsari yake fita. Akwai gashi, wato haska wurin ciwon da inji (radiotherapy), na ɗan gajeren zango, wani lokaci zama ɗaya ko 'yan kwanaki, wanda ba don warkarwa ake yin sa ba sai don ya busar da wurin da ke zubar da jini, kuma yana aiki ga mata da yawa masu irin ciwon Inna. Tunda kemo kawai kika ce an yi mata, ki tambayi babban likitan ko ta dace da shi. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja suna cikin wuraren da ke da sashen gashi, amma a buga waya a tabbatar injin yana aiki kuma za a karɓe ta kafin a ɗora ta a mota, don doguwar tafiya a banza ta fi ƙarfinta yanzu. Ki kuma duba ledar magungunanta yau ɗin nan. In akwai diclofenac ko ibuprofen ko asfirin da wani ya sayo a kemis don ciwon mara, ki nuna wa likita, domin suna ƙara zubar jini kuma suna wahalar da ƙoda. Duk wani maganin matsi ko na turare da 'yan dubiya ke kawowa a sa a wurin, ki karɓa ki yi godiya ki ajiye. Zogale da hanta da ruwan ganyen ugu da madara, in tana marmari ta sha abinta, amma kada a matsa mata da sunan ƙarin jini, ba za su cike abin da ke fita ba. Ki tambaya dai ko an auna ayon ɗin jikinta, don in ya yi ƙasa akwai wanda ake bayarwa ta jijiya, ko da yake yana ɗaukar makonni kafin a ga aikinsa.

Abin da nake ba ki shawara ki nema shi ne zama guda da babban likitan, ko da ma'aikatan sashen rage raɗaɗi in asibitin yana da shi, Yaya yana kan waya ana ji a fili, ko ya zo da kansa in zai yiwu. Ki shiga da takarda wadda kika rubuta ranakun da aka ƙara jini, leda nawa, da kwana nawa ta yi da ƙarfi bayan kowanne. Ku tambaye shi kai tsaye: a ganinsa, nawa ne daga kasalar nan na ƙarancin jini, nawa ne na ciwon? In Inna ta yarda a sake gwadawa sau ɗaya, ku yi yarjejeniya tun kafin a sa, ku faɗi abin da kuke so jinin ya yi da bakin da kowa zai gane, misali ta iya zama ta yi salla, ko ta iya zuwa banɗaki da ɗan taimako. Bayan kwana biyu ku duba, bayan mako ku sake dubawa, ku tambaye ta ita ma ko ta ga ya biya wahalarsa. In ya yi, alhamdu lillahi, ƙofa a buɗe take. In bai yi ba, kowa ya gani da idonsa, ba wanda zai ce wani ne ya hana.

Batun biki kuwa zan faɗa miki gaskiya ko da ba daɗi. Mako bakwai yana da nisa ga wadda ƙarfinta ke raguwa daga mako zuwa mako. Rai a hannun Allah yake, tana iya wuce haka nesa, amma ko tana raye ba lallai ranar ta same ta da ƙarfin da za ta san abin da ake yi ba. Ku je wa dangin ango da magana ta hannun manya, a matso da ɗaurin aure zuwa mako biyu ko uku, taron biki ya tsaya a ranarsa in ana so. An saba yin haka, kuma ba gidan mutunci da zai ƙi. Idan Inna ta yarda da leda ɗaya saboda wannan rana, to nan ne jinin zai yi aikin da ya fi kowane, a sa mata kwana biyu ko uku kafin ranar, ta zauna a ɗakinta cikin sabon zane, a kawo mata amarya ta sa mata albarka. Mai yiwuwa ki ga wadda ta ce kada a sake mai da ita ta ce a kai ta, saboda yanzu akwai dalilin da ita ta zaɓa.

Kada ki riƙe Yaya a zuci kan maganar da ya faɗa, ko da yake ta yi nauyi kuma bai kamata ya faɗe ta ba. Mutumin da ke nesa ba shi da abin da zai yi wa mahaifiyarsa sai tura kuɗi da kallon lamba a waya. In aka ce a daina ƙarin jini, ji zai yi an karɓe abu ɗaya tilo da yake iya yi mata. Ga kuma kunyar ɗan fari. Matar da wataƙila ko sunansa ba ta faɗa, ba za ta buɗe baki ta ce masa ta gaji ba. In ya kira, "da sauƙi" zai ji, ke ce mai jin nishin dare. Don haka kada ki tsaya jayayya da shi ke kaɗai, ke ƙanwa ce, zai ɗauka gajiya ce ta sa ki. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, kawunku ko ƙanwar Inna, su ji daga bakinta su isar masa. Ki roƙe shi ya ɗauki hutu ya zo ya kwana biyu ko uku a ɗakin, ba don ki kunyata shi ba, don in bai zo yanzu ba abin zai daɗe yana cin sa. Sannan ki ba shi aikin da zai riƙe: neman wurin gashi, kuɗin maganin ciwo, katifa mai laushi, nas da za ta riƙa leƙowa gida, hidimar matso da ɗaurin aure. Motarsa kuma ya bar ta, yana da iyali.

Ta fuskar addini, ki samu malamin da kuka yarda da shi ku zauna, amma ki je masa da cikakken bayanin likita, kada a tambaye shi a dunƙule ko ya halatta a hana mara lafiya jini. Malamai sun bambanta maganin da ake kyautata zaton zai ceci rai, wanda barinsa laifi ne, da maganin da amfaninsa ya zama kaɗan ko ake shakkarsa. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta yi wannan rarrabewa, ta kuma ce sharaɗi ne a nemi izinin majinyaci muddin yana cikin hankalinsa. A Bukhari da Muslim akwai hadisin Nana A'isha cewa a jinyar ƙarshe ta Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an ɗura masa magani ta gefen baki alhali ya yi nuni kada a yi, suka ɗauka ƙin magani ne irin na mara lafiya, da ya farfaɗo ya nuna bai ji daɗin hakan ba. Barin abin da ya daina amfani daban, yin abin da zai gaggauta ajali daban, kuma ba wanda ya ce ku yi na biyun.

Jinin da kuke biya a kawo ma yana damuna. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana sayar da jini, kuma ba a banza ba. Mai bayarwa don kuɗi yakan ɓoye ciwonsa, yakan bayar kafin lokaci ya yi, ledar ta zo da jini marar kauri. Ƙa'ida ce a gwada kowace leda don ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere, amma akwai ɗan lokaci bayan kamuwa da gwaji ba ya nunawa. In za a sake buƙata, ku yi cigiya a masallacin unguwa da cikin abokan ƙannenki da dangin ango, leda ɗaya ba za ta gagara ba. Ƙannenki kuma su bi maganar da aka faɗa musu, namiji sai bayan wata uku yake sake bayarwa, mace wata huɗu. Ki sani kuma yawan karɓar jinin mutane daban-daban yakan sa jiki ya fara ƙin wani, har samun wanda ya dace ya riƙa wuya.

In aka kai ga dainawa, ba a daina jinya ba, kuma ina so ki san abin da za ki gani don kada ya zo miki ba shiri. Yawanci barci ne zai ƙaru, ƙarfi ya ragu, cin abinci ya ja baya. Hakin da kike tsoro yana da magani wanda ba jini ba. Ruwan mofin da ake sha ta baki, a ƙaramin awo da likita ya tsara, yana rage ciwo yana kuma sassauta jin ƙuncin numfashi, kuma in an bi ƙa'ida ba ya gajarta kwana, sai dai a haɗa shi da maganin sakin ciki don yana ɗaure bayan gida. A jingina ta da matasai, a buɗe taga, a sa fanka ko mafici yana kaɗa mata iska a fuska, wannan kaɗai yana taimakawa fiye da yadda ake zato. In wurin yana wari, akwai maganin metronidazole da likita kan rubuta. Ki tanadi tawul ko zannuwa masu duhun launi kusa da gado, da lambar wayar nas ko likitan da zai ɗauka da dare, ku kuma yanke tun yanzu, da bakin Inna, ko za a garzaya asibiti in jini ya ɓalle da yawa ko za a zauna da ita a gida. Irin wannan shawara ba a yin ta da ƙarfe biyun dare cikin kuka.

Ke kuma ƙanwata, wa yake karɓar ki? Wasiƙarki ta ambaci mai turo kuɗi da masu ba da jini da amarya, amma ban ga wanda ke cewa ki je ki kwanta ba. Ki raba kwanan ɗakin da wata 'yar uwa ko ƙanwar Inna, ko da dare biyu ne a mako, ki faɗa a taron dangi ba tare da jin kunya ba. In kina da miji da yara, ki zauna da shi ki gaya masa inda ake, don ya san makonnin nan na Inna ne. Ki fara da zaman nan da ita gobe da safe, kafin ki kira kowa, sannan ki nemi ranar ganin likita a cikin makon nan. Allah Ya sassauta mata, Ya nuna mata auren autarta, Ya haɗa kanku.